Kamun da Baba Bai Koya wa Kowa Ba

Assalamu alaikum, ƙanena Sani.

Ina gaishe ka da kyau. Ya jiki, ya karatu, ya sanyin ƙasar Sin? Mu nan Haɗeja lafiya lau. Ruwa ya janye daga fadama, an kusa yankan shinkafa.

Na nuna wa Baba bidiyon gasar da ka shiga ta wushu, wasan faɗan gargajiya na ƙasar Sin. Ya ce, "Ina abokin karawar tasa?" Na ce wannan salon mutum shi kaɗai yake yi, alƙalai su ba shi maki, kuma gadon kakanninsu ne. Ya ce, "Su dai sun riƙe nasu."

Sai ya miƙe zai nuna mana kamun da yake ka da maza da shi a filin kokawa, wanda bai taɓa koya wa kowa ba. Sani, gwiwarsa ta ƙi. Ni na tare shi. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.

Ka sa shi a addu'a. Inna tana gaishe ka, ka gaida abokan zamanka.

Ban hana ka naka ba, amma don Allah ka zo hutun nan. Baba ya ce zai koya maka kamun: baki ne ya rage masa, kai za ka kawo jikin.

Yayarka,
Hajara