Lukong Ba Zai Ɗanɗana Jan Dankalin Mamarki Ba

Zuwa ga 'yata Berinyuy,

Gaisuwa mai yawa daga Kumbo, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Fonyuy da yara, kuma zafin Duwala bai gama narkar da ku ba. Allah Ya tsare ku, Ya raba ƙaramar da tarin nan da ke damunta. Mu nan sai godiya. Gwiwata ce dai, da hadari ya haɗu sai ta riga kowa sani. Baƙar akuyar nan ta haihu. Maƙwabcina Tatah ne ke riƙe da alƙalami, na kuma ja masa kunne ya rubuta yadda na faɗa, kada ya wanke mini magana.

Kin sha aiko da tambaya me ya hana ni sa ranar bikin tunawa da mamarki, har dangi na cewa tsufa ya taɓa ni. To yau ki ji. Kin tuna jan dankalinta, ƙanana masu zurfin ido, wanda ta zo da irinsa daga gidan uwarta a Mbiame? Shi take dafawa da wake, ta kirɓa a turmi da manja da albasa, kirɓen nan namu da muke kira tukuni ya fito jawur yana ƙamshin hayaƙi. Na kasuwa ruwa ne zalla, in an kirɓa shi kunu yake zama. Ranar jana'izarta, ina zaune gaban gawa ban san inda kaina yake ba, baffanki Lukong ya hau rufin madafa ya sauko da kwandunan irin da ta ajiye, har sun fara tsiro, ya sa aka fere aka soya wa abokansa na Yawunde. Da ƙaurin mai ya fito da ni, ɓawo kawai na tarar, awaki na ci. Na tambaye shi, a gaban mutane ya ce, "Haba Yaya, dankali ai dankali ne. Mutanen birni ba sa cin kirɓen ƙauye." Lukong fa, wanda uwarmu ta rasu ta bari da majina a hanci, mamarki ta raine shi da wannan kirɓen, yana lasar taɓarya sai an ƙwace.

Da ruwa ya sauka na ɗauki sanda na hau tsohuwar gonarta ta kan tudu, ina bin kunya-kunya, har na sami waɗanda fartanya ta tsallake sun tsiro cikin ciyawa. Ko hulata ba su cika ba. Na shuka, na haƙa, ban kai ko ɗaya baki ba, na sake shukawa. Haka na yi ta yi kuna zagina. Bana rufi ya cika.

Sai ga Lukong ya bar aiki ya dawo gida, haƙoransa sun zube sai na gaba, likita kuma ya hana shi soyayyen abu. Kwanan baya ya zo da goro ya zauna yana sosa ƙeya, wai matarsa ta gwada da na kasuwa bai ciwu ba, wai har mafarkin tukunin marigayiya yake yi, in taimaka masa da ɗan kaɗan. Na karɓi goron na ci. Na ce masa dankali ai dankali ne, kasuwa kuma a buɗe take.

Na sa biki makon Kirsimeti. Ki zo da wuri, domin ke kaɗai kika ɗauko hannunta a turmi. Kowa zai ci ya ƙoshi, daga fada na coci har mahaukacin bakin tasha. Lukong zai zauna a damata, inda ƙane ke zama, tururi na dukan hancinsa, a gabansa kuwa farantin soyayyen dankalin kasuwa, wanda ya bushe ƙayau, da cokali mai yatsu irin na mutanen Yawunde. A nan Tatah ya ajiye alƙalami wai da marigayiya tana raye da tuni ta yafe. Na ce na sani, amma ita ba ta ga ɓawon ba, ni na gani.

Abin da nake tsoro ke ce. Zuciyar mamarki gare ki. Zai zagayo bayan madafa ya kira ki da sunan yarinta, ya yi miki idon tausayi. Ki tuna a lokacin kina kuka a ɗaki yake lissafin faranti. Na ware miki kwando guda na iri, ki ba 'yarki Leinyuy ranar da za ta tafi nata gidan. In loma ɗaya ta shiga bakinsa ta hannunki, a rufi kwandon zai ci gaba da zama.

Ki gaida Fonyuy, ki ce ina jiran manja mai kyau daga wajensu. Ki gaida Leinyuy da Sevidzem da ƙaramar. Gwaggonki Kinyuy na gaishe ki, ta ce waken na wuyanta. Da kin gama kirɓi kuma, taɓaryar ki miƙo mini ita a hannuna. Na san halinsa.

Ni ne mahaifinki,
Wirkom