Abin da Na Gani a Jininka, Baba

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga ubanta, ni ce Rifkatu. Damina biyu ke nan da rasuwarka, kuma akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ka san aikina a ɗakin gwajin nan na Sabon Gari. In ɗiga jini a kan gilashi, in shafa, in rina, in sa a ƙarƙashin madubin likita in nemi ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro. Kai ne kake yi min tsiya a gaban baƙi, kana cewa, "'Yata tana ganin abin da Allah ya ɓoye wa mutane."

Lokacin da nake karatu a Samaru, malaminmu ya koya mana kamanninsu. Ƙananan kamar zobe suke. Akwai kuma wasu masu lanƙwasa kamar ayaba, mace da namiji. Macen siririya ce mai duhun shuɗi, namijin ya fi kauri da haske. Su ba sa kayar da mutum, sauro kawai suke jira ya kwashe su. Amma ya ce mu riƙe abu ɗaya: ba sa fitowa sai cutar ta haura mako a jiki. Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa da shi.

Ranar Lahadin nan da na zo Bomo bayan sujada, na tarar da kai a tsakar gida, lulluɓe da bargo cikin rana. Na taɓa goshinka, ka ture hannuna kana dariya. Ka ce gajiyar noma ce, ka sha kulorokwin daga kemis, kuma damina ba ta jiran mai kwanciya. Na yarda, Baba. Na ci tuwo, na hau acaɓa na koma.

Sai ranar Alhamis Yaya Yohanna ya shigo da kai wurin aikina, yana riƙe da kai ta hammata. Idonka ya yi rawaya. Ka kira ni da sunan ƙanwarka da ta daɗe da rasuwa.

Ni na huda yatsanka. Fatar ta yi kanta saboda fartanya, sai da na sake hudawa. An ɗauke wuta, na ja madubin zuwa taga. Da na leƙa, zobba ne ko'ina, ba ma sai an nema ba. Sannan na ga mai lanƙwasar nan, mace, kwance a gefe. Na matsa gaba, ga wata. Nan take na yi lissafi da yatsuna a ƙarƙashin tebur, na gane ranar da na ci tuwo a gabanka cutar ta riga ta haura kwana uku a jikinka.

Na rubuta sakamako da hannuna, muka ɗauki tasi zuwa babban asibiti a Shika. Sun sa maka ƙarin ruwa da kwinin, sun yi iya ƙoƙarinsu. Ni kuwa ina tsaye a jikin bango da takarda a hannu. Na san sunan abin, na san kamanninsa, har jinsinsa na sani, amma ban da abin da zan yi masa. Ranar Asabar da hantsi ka tafi.

Mama har yau tana gaya wa matan zumunta cewa farat ɗaya ciwon ya zo, kwana uku kacal. Watan jiya muna ɓarar gyaɗa ta tambaye ni, "Wai me kika gani a jinin babanku?" Na ce zazzaɓi ne, Mama. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da ɓara. Ita ma tana gidan duk kwanakin nan tana dafa maka ganyen darbejiya. In na faɗa mata, na san ba za ta ƙara yin barci ba.

Shi ya sa na kawo maka maganar. Ka yafe min, Baba.

Ubangiji ya ba ka hutawa a wurin da babu ciwo, ya riƙe Mama, ya kuma ba ni ƙarfin ɗaukar wannan ni kaɗai har ranar da za mu sadu. Amin.

'Yarka mai kewarka,
Rifkatu