Ƙanƙara a Injin Jirgin Surukina

Asabar, 16 ga Nuwamba 2024

Mun sauka a gonar masara. Ba mu mutu ba. Ya kamata in fara da alhamdulillahi, na kuma yi, amma abin da ke cika min ciki haushi ne, haushin kaina.

Baba, wato baban Umaima, shi ya ce in raka shi shawagi da ɗan jirginsa mai kujera huɗu da ke Manassas. Shekara goma sha ɗaya da aurena da 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, sai ga mu a takure kafaɗa na gogar kafaɗa. Ni ma ina da lasisin tuƙi shekara shida, ya sani, amma shi ke riƙe da sitiyari, ni ɗan rakiya.

Garin da sanyi mai laima, irin wanda ke ratsa safa. A hanyar dawowa ya rage totur za mu fara gangara, sai na ga allurar inji tana yin ƙasa a hankali. Nan take na gane. Ƙanƙara ce ke taruwa a maƙogwaron kafireto tana toshe iska. Maganinta ɗaya, a ja mariƙin zafi, mai tura wa injin iska mai ɗumi, a bar shi a jaye. Injin zai yi tari don yana haɗiyar ruwan da ya narke, sai a daure masa, zai washe. Kowane ɗalibi ya san wannan.

Baba ya ja. Injin ya yi tari. Ya firgita ya maida mariƙin. Sau biyu yana haka.

Na ce, "Baba, ko dai..." Ya ce, "Na'am?" Na ce, "A'a, ba komai."

Ba komai! Hannuna yana kan gwiwata, tsakaninsa da mariƙin bai kai taki ɗaya ba. Farfela tana ta juyi a banza, ƙasa tana tasowa, ni kuwa ina tunanin yadda zai ji idan mijin 'yarsa ya gyara masa tuƙi. Gaskiya saukar ya yi ta da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Marfin taya ɗaya ne kawai ya fashe.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Gidan Baba na Beltsville ya cika da 'yan barka. Takalma har bakin titi. Likitoci abokan aikinsa na da, matansu da kulolin abinci, kowa "Dakta, sannu da ƙoƙari." Labarin ya ba da shi ya fi sau bakwai, kowane zagaye gonar tana ƙara ƙanƙancewa. "Injin ne kawai ya ɗauke, haka siddan."

Sai ya juyo, "Ko ba haka ba, Rilwanu?"

Ina zaune a ƙasa kusa da ƙofa. Na ce, "Haka ne, Baba." Na tashi na shiga banɗaki na kuskure baki. Tir.

Talata, 19 ga Nuwamba

Martina, makanikiyar da ke duba jirgin, ta kira ni ina ofis. Ta ce ta kwance ta ɗaura, lafiyar injin ƙalau. Dama mana, ƙanƙara ba ta barin shaida, kafin a zo ta narke. Ta tambaye ni ko an ja zafi. Na ce ta tambayi Dakta. Ta ce ta tambaye shi ya ce ya ja bai yi aiki ba, ni take tambaya, tunda ni ma matuƙi ne kuma ina zaune a wurin.

Na tsaya ina mata bayanin suruki a wajenmu, da Turancin da ya ƙi zama a bakina. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce, in dai ba zan iya buɗe baki a kujerar nan ba, gara a ɗora buhun yashi, shi aƙalla ba wanda zai sa ran zai yi magana. Na ji zafi.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Na faɗa wa Umaima komai. Na zata za ta razana. Ta razana ɗin, na minti biyu, sannan ta koma 'yar babanta. "Abban Afnan, ka san tun rasuwar Mama jirgin nan ne kaɗai ke fitar da shi daga gida. Shekararsa saba'in da ɗaya. Don Allah kar ka tozarta shi." Wai mu bari zuwa bazara, sanyi ya wuce, maganar ta mutu da kanta.

Haka muke. Mu lulluɓe, mu fesa turare.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Ranar cin talotalo, bikin godiya na mutanen ƙasar nan, duka dangi a gidan Baba. Ana tsakiyar ci ya buga cokali a kofi ya ce jirgi ya kusa fitowa daga gyara, kuma ran sha huɗu ga Disamba, ranar da Afnan za ta cika shekara goma, zai ɗauke ta su zaga sama su biyu. Kyautarsa ke nan ga "amaryarsa", kamar yadda yake tsokanarta. Yarinya ta daka tsalle tana ihu da Turanci, ta rungume wuyansa.

Disamba. Sanyi da laima, irin na ranar nan sak.

Kowa ya juyo yana kallona da murmushi. Ni uban yarinya, injiniya, mai lasisi. Na ce, "Allah ya kai mu."

'Yata ke nan guda ɗaya.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Afnan ta zana jirgi ta manna a firij. Na kasa shan ruwa a kicin ɗin.

Talata, 3 ga Disamba

Na bi hanyar da aka koya mana, na nemi babba ya kai magana. Alhaji Abdou, mutumin Maraɗi, abokin Baba tun zuwansu ƙasar nan. Na same shi bayan azahar na zayyana masa, har da zane a bayan ambulan. Ya yi ta gyaɗa kai. "Walle ɗana ka yi hankali da ba ka tunkare shi ba. Bar mini."

Yau ya kira. "Na hwaɗa mishi. Na ce yaran ga suna son ka ƙwarai, suna ta yi maka addu'a bisa jirgin ga. Ya ji daɗi, ya sa maka albarka."

Maganar ƙanƙara ta shiga bakin dattijo ta fito addu'a. Na yi godiya, har da "Allah ya ƙara girma". Saura kwana goma sha ɗaya.

Asabar, 7 ga Disamba

Na je rumfar jirgi da safe. Baba yana goge gilashi da tsumma. Na durƙusa na gaishe shi a kan simintin nan mai sanyi, na kuma ƙi tashi, don na san in na miƙe zan ce sauri nake.

Ina kallon takalminsa na faɗa. Ƙanƙara ce. Tarin da injin ya yi alamar warkewa ce. Da ya bar mariƙin daƙiƙa talatin da a titin jirgi muka sauka. Kuma Afnan ba za ta hau ba.

Tsumman ya daina motsi.

"Tun a sama ka sani?"

"E, Baba."

"Kana gani ka yi shiru."

"Na ji nauyi ne."

"Nauyi." Ya maimaita kalmar kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa. "Da Umaima ta binne uba da miji rana ɗaya, sai a gaya mata mijinta yaro ne mai kunya."

Na shirya wa faɗa, na shirya wa a ce na raina shi. Wannan ban shirya masa ba. Bai ce na yi daidai ba, bai ce ya yi kuskure ba. Ya ce in tashi, simintin zai kama min gwiwa. Har na fito bai sake kallona ba.

Laraba, 11 ga Disamba

Afnan ba ta yi min magana. Umaima tana yi, amma ta abinci kawai. Baba ya turo saƙo layi ɗaya: Asabar, tara na safe, ni da kai.

Asabar, 14 ga Disamba

Mun tashi mu biyu. Laima kamar waccan. Ba hira, sai muryar ma'aikatan hasumiyar filin jirgi a kunne.

Da muka zo gangara ya ja mariƙin tun kafin ya rage totur, daidai yadda littafi ya ce, da alama ya koma ya karanta. Injin ya yi tari. Sai na ga yatsunsa sun zabura za su maida shi, ba da saninsa ba, tsoro ne kawai. Na kama wuyan hannunsa. Hannun surukina. Siriri ne, ban taɓa sanin ya rame haka ba. Na ce, "Bar shi, Baba." Na riƙe ina ƙirgawa a fili. A sha tara injin ya washe.

Na saki. Muka sauka, muka kashe inji.

Yana cire abin kunne ya ce, "Asabar mai zuwa ma ka zo." Na ce to. Ya ce, "Amaryata fa?" Na ce sai na ga hannun ya daina zabura. Ina jin sai da na gama faɗa na lura idonsa nake kallo. Ya gyaɗa kai.

An yanka kek da la'asar. Afnan ta ba kowa, ni ta aje min nawa a kan tebur ba ta miƙo ba. Na ci abina.