An Ƙara Min Layi a Wasiƙar Yayana

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, wani abu ya hana ni sakat.

Ina aikin shigar da sakamako a wani ɗakin gwajin jini. Kwamfutocinmu ba irin na gida ba ne. Ɗan akwati ne kamar kwalin sabulu maƙale a bayan allo, ba ya ajiye komai. Duk aikin yana can cikin babbar na'ura, a ɗakin da mai kula da kwamfutoci yake kullewa. A kowane tebur ka zauna, in ka sa sunanka da lambar sirri, shafukanka za su fito yadda ka bar su. Ni in an tashi, maɓallin akwatin nake dannawa, allo ya yi baƙi, in ɗauki jakata.

To Anti, akwai wasiƙar da nake rubuta wa yayana a lokacin hutun rana. Shekara biyu ba ma magana. Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti na gaya wa yayan nawa baƙar magana, na ce ya bar min jinya yana can yana yawonsa, alhali aiki ne ya riƙe shi. In rubuta in goge, wata uku ke nan na kasa gamawa.

Makon jiya na'urar ta ƙi karɓata, wai ina ciki a wani tebur. Ni da ke tsaye da jaka a kafaɗa! Da ta buɗe, wasiƙar ce a sama, an gyara min kuskuren rubutu har biyu. Shekaranjiya kuma sai ga layi a ƙasa wanda ba ni na rubuta ba: "Ta yi haka nan. Ki aika masa."

Wallahi na ji kunya, amma son sani ya fi kunyar yawa. Sai leƙen fuskokin mutane nake yi. Mai ɗibar jinin nan ne, sarkin tsokana? Ko dattijuwar aikin yamma, wadda ko gaisuwa da ka take amsawa? Bari dai in faɗi gaskiya: bara da shigar masu aikin yamma ta ƙi, na ba mutum uku daga cikinsu lambata, ban kuma canza ba.

In na kai ƙara, za a yi wa mai shi faɗa, a kuma ga wasiƙata. In na yi shiru, sakamakon marasa lafiya a buɗe yake da sunana. Wai ta yaya ma kwamfutar da na kashe da hannuna take tona min asiri?

Taki, Mai Gogewa

Ƙanwata Mai Gogewa,

Ba ki kashe komai ba. Fitilar ɗaki kika kashe, ƙofar tana buɗe. Danna maɓallin akwati yana yanke allon ne kawai, zamanki yana nan a raye cikin babbar na'ura. Duk wanda ya shiga da lambarki, daga kowane tebur, zai tarar da abin da kika bari. Da na'urar ta ce kina ciki, wani ne yake zaune da sunanki a lokacin.

Gobe da safe ki canza lambar sirri. Kullum kafin ki tashi, ki adana aikinki, ki zaɓi "fita", ki jira sai shafin shiga ya dawo. Ki je wurin mai kula da kwamfutoci ki gaya masa kin taɓa ba da lambarki, ya rufe duk wani tsohon zama da ke rataye da sunanki, ya kuma gyara wa masu aikin yamma shigarsu. Kada ki ɓoye wannan, domin in aka taɓa sakamakon wani, ke za a tambaya.

Mai gyaran nan ya karanta abin da ba nasa ba, wannan kuskure ne. Amma ke kika ba shi makulli, kuma bai kai maganarki ko'ina ba. Na'urar tana iya nuna tebur da lokaci, sai dai ni a ganina ki bar binciken, ba zai ƙare ki da komai ba.

Wasiƙar kuma, ki kwafe ta da hannunki a takarda, ki goge ta daga kwamfutar ofis. Wata uku tana jiran mai karatu, har bare ya karanta ya ce ta yi. Saura wanda aka rubuta wa.

Allah ya daidaita tsakaninki da yayanki, ya ƙara wa Baba lafiya.