Karkashin da Na Aika Miki

Assalamu alaikum, Hadiza.

Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Jos? Mu nan Azare sai godiya.

Jiya na je a sa mini rilaksa, Maman Ngozi mai shagon gyaran gashi ta ƙi. Ta ce, "Hajiya, gaban kanki ya cinye. In na ƙara, sauran ma zai zube." Na dawo gida na daɗe a gaban madubi.

Sai ƙanwarki ta gaya mini wai karkashin da nake aika miki ba miya kike yi da shi ba, kai kike wankewa da shi, gashinki har ya cika. Haka kakarki take yi a Udubo, mu da muka yi sakandare muka raina.

Jiƙa shi kike yi ko dafawa? Kuma da gaske mataji yana shiga ba kuka?

Ban janye faɗan da na yi miki ranar da kika datse gashinki ba. Mace ba ta yin irin wannan ba tare da shawara ba. Amma ki rubuto mini bayanin filla-filla kafin Juma'a.

Ki gaida surukarki. A sa gaban kan nan nawa a addu'a.

Mahaifiyarki.