Tambayar Baba a Kan Zafin Rana

Kankiya, daren Laraba, ƙarshen bazara

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu a ƙauyen Bauranya, a gaban mutane, Baba ya ce mini, "Malamin boko, kullum rana na zuba wa ƙasa wuta, mi ya hana ta toyewa?" Aka yi dariya. Shekara huɗu Turawa na koyar da ni, na kasa amsa masa.

Yanzu na jingina da katanga, sai na ji tana huci a bayana. Ashe zafin da ƙasa ta sha da rana, shi take mayar wa sama da dare. Yau kuwa hadari ya tare masa hanya, ga gumi.

Asabar zan koma in gaya masa. Tsorona kada ya ce ya daɗe da sani.