Fim Ɗin da Ban Ƙarasa Maka Ba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Tela,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga ubanta, akwai maganar da ta tsaya mini a wuya tun rasuwarka.

Ka sha ba mu labarin yadda kana saurayi kake kai ɗinki gidan wani Bature malamin gona a nan Haɗejiya, ka raɓe bakin taga kana sauraron wasan kwaikwayo a rediyonsa: wani ɗan sandan ciki yana farautar gungun miyagu. Ana tsakiyar labari aka yi wa Baturen canjin wurin aiki. Abin da ya bar maka kawai shi ne sunan wasan, da labarin wai an mai da shi fim a ƙasarsu.

Bara waccan na samo maka shi a waya. Lokacin yanar ido ta riga ta hana ka gani. Bayan la'asar ka sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ka zauna kan tabarma, ka ce, "Binta, ke ce idona yau."

Ni kuwa da na ga hoton baƙi da fari, da naushin da ba ya taɓa mutum amma ya faɗi, sai dariya ta ƙwace mini. Kana tambayata ko ɗan sandan dogo ne, ina ƙyaƙyatawa. Ka maimaita wata kalmar Turanci da ka riƙe tun samartaka, na gyara maka ita a gaban mijina, surukinka, ni malamar makaranta.

Sai ka ce, "Kashe, uwata, kada cajinki ya ƙare."

Ba ka sake tambaya ba, ni ma ban tayar ba. Da damina ruwa ya yanke hanya ina garin Guri wurin aiki, sai ga labarin rasuwarka. Kafin in samu kwalekwale an kai ka makwancinka.

Jiya na kalle shi har ƙarshe. Dogo ne, Baba, da ɗan gashin baki. Ya kama su a wani tsohon sito bakin kogi, an harbe shi a kafaɗa amma bai mutu ba. Minti ashirin kacal suka rage mana ranar.

Ka yafe mini, Babana. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka buɗe ido a Aljanna.

'Yarka mai kewarka,
Binta